Shekarar da Inna Ta Sa Kaji Azumi

Shekaranjiya, bayan azahar kaɗan, na leƙa bayan gida na tarar da kajina goma sha biyu sun yi cirko-cirko, kowacce baki a buɗe, fukafukai a sake, kamar 'yan damben da suka sha kashi. Babu mai kuka, babu mai tono, sai haki. Na ce musu, "Sannunku, Hajiyoyi. Ni ma haka nake ji, kunya ce ta hana ni buɗe bakin." Ko kallo ban ishe su ba. To dama gidan nan yanzu daga ni sai su sai rediyo. Maiɗakina ta riga mu gidan gaskiya shekara huɗu ke nan, yara kuma kowa ya kama gabansa. Ba na ganin laifinsu, ba a ƙasa suka tsinci yawo ba.

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Wanda ya san Kazaure a irin wannan lokaci ya san abin da nake faɗa. Duwatsun nan su yi ta shan rana tun hantsi, in yamma ta yi kana cewa an huta, sai su fara amayo maka ita. Na lallaɓa shagon magungunan dabbobi na bakin kasuwa, mai shagon ya jero min ledoji kala-kala. Wannan bitamin ne na rage zafi, wannan gishirin da ke mayar da abin da haki ya fitar, wannan kuma wai wasu ƙananan halittu ne masu rai da ke gyara hanji. Ya yi min bayani tiryan-tiryan, wai in zafi ya yi yawa jini yakan gudu daga ciki ya koma wajen fata, bangon hanji ya raunana, abinci ya wuce bai zauna ba, cuta ta sami ƙofa. Na bar shi ya kai aya don mutum ne mai kirki. Sannan na ce, "Malam, wata tsohuwa ta taɓa karanta min wannan darasin, amma ita cewa ta yi cikinsu ne ya dahu." Ya yi dariya, ya ce wace tsohuwa? Na ce labarin da tsawo, kuma da azumi a bakina.

Na sha ranar Agadas, na sha ta Yarwa, na kwana uku a bakin iyakar Kamaru cikin motar da ta lalace ba inuwa ko ta tsinke. Amma in ana maganar zafi, zuciyata ƙauyenmu take komawa, can tsakanin Gwiwa da Roni, shekara talatin da wani abu da suka wuce, tun ba a yanke mu daga Kano ba. Ita ma waccan shekarar haka azumi ya zo, ƙafa da ƙafa da bazara.

Lokacin na dawo daga Ibadan, inda na yi shekara uku ina aiki a gidan gonar wani Alhaji Bayarabe. Babanmu ya rasu ina can. Yayyena mata biyu aure ya kai ɗaya Roni, ɗaya Babura. Inna ce kaɗai a gidan, da akuya ɗaya da kajin gida uku. Ni ne auta, kuma tun ina shekara goma sha biyar ban taɓa yin damina biyu a jere a gabanta ba.

Na sauka daga motar kasuwa da kwanduna huɗu, 'yan dakwale sittin a ciki, jajaye, na sayo a wani gidan gona kusa da Kano. Inna ta fito tana gyara ɗankwali, ta leƙa kwando, ta dube ni.

"Auta, waɗannan fa? Gudun hijira suka yi?"

"Kajin gidan gona ne, Inna. Nan da wata biyu za su fara, kowacce kullum ƙwai."

"Ina zakaran?"

"Ba sa bukata."

Ta yi salati ta sanar da Ubangiji. "Ƙwai babu zakara. To, Allah ya rufa mana asiri wajen maƙwabta. Suna dai kwanci ko?"

"Ba sa kwanci."

"Su ajiye su tashi su yi gaba?" Ta gyaɗa kai. "Na ga inda kuka haɗu."

A ranar, muna cin tuwo, na yi maganar da har gobe take bi na. Na ce, "Inna, in dai kajin nan suka kai ga ƙwai, na gama yawo. Zama zan yi." Ta dai ture min naman da ke gefenta ya dawo gefena.

Na gina musu ɗaki a kusurwar gida, inda iska ba ta kaiwa, don tsoron muzuru da masu dogon hannu. Inna ta ce in kafa musu rumfar zana a gindin darbejiyar tsakar gida. Na ce haba Inna, wannan ai kiwon zamani ne. Na samo tsohon kwano na rufa, ƙasa-ƙasa, na sa wayar raga a gaba, na jera mazubai na ƙarfe da darurrukan ruwa kamar yadda na gani a Ibadan. Maigidana na can doka ɗaya ya kafa min, ita ce kada mazubi ya taɓa zama babu abinci, safe, rana, yamma. Na riƙe ta kamar karatun sallah. Abin da ban lissafa ba shi ne, a Ibadan gajimare na yi wa mutum lema, a garinmu kuwa rana ba ta da mayafi.

Aka ga wata. Goman farko ana ce mata goma ta marmari, amma a shekarar nan marmarin bai kai kwana uku ba. Kafin hantsi ya daga, ƙasa ta fara cizon tafin ƙafa. Zuwa azahar ko ƙadangare ba ka gani, ko tsuntsu ba ka ji, garin ya yi tsit kamar an yi sharar mutane. Iska in ta taso kamar an buɗe maka bakin tanda. Rijiyar unguwa ta ja baya, ka zura guga ka jira, ka jawo rabinsa laka. Kwanon ɗakin kajina kuwa, tun daga nesa kana jin yana ƙas, ƙas, yana miƙa.

Haki suka fara. Daga nan sai zawo, kashi ruwa-ruwa, har da ɓarzajjiyar masara a ciki kamar yadda ta shiga. Ni kuma, likitan Ibadan, na zauna na yi tunani irin na wanda ya taso yana jin cewa mai zawo ruwa ne ya yi masa yawa a ciki. Sai na rage musu ruwan. Ɗan wanda na bari a daron ƙarfe, kafin azahar ya isa a dama koko da shi. Na fasa kafso ja-da-rawaya na zuba a ciki, na ƙara cika mazubai har suna zuba, wai don su mayar da ƙarfi.

Ranar shida ga wata, ta farkonsu ta faɗi. Washegari uku. Kullum lokaci ɗaya, tsakanin azahar da la'asar. Na koma yawo da wuƙa a aljihu, ina tsugune a bakin waya ina gadi, duk wadda na ga ta fara sandarewa in yi maza in yanka kafin ta zama mushe. Inna ta fige, ta gyara, ta aika maƙwabta. Nama ya wadata a unguwarmu a shekarar da ko gero ana auna shi da tsoro. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Auta, Allah ya ba kajinka lafiya, amma ba da gaggawa ba."

Wata yamma Inna na gyaran guda biyu a bakin murhu, ta kira ni. "Zo ka ga." Ta ɗago hanjin da yatsa, ya tsinke da kansa, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, cikinsa jawur. "Shekara arba'in ina buɗe cikin kaza, ban taɓa ganin irin wannan ba. Cikinsu ne ya dahu. Kuma ka lura? Duk wadda ka yanka, jakar wuyanta cike take tam. Babu wadda ta faɗi da yunwa."

Na ce cuta ce, Inna, magani ne bai kama ba. Ta ci gaba da aikinta.

Ranar goma sha biyu ga wata na ƙirga, saura talatin da takwas. Da aka sha ruwa, muna zaune a tabarma da kunun tsamiya a gabanmu, na ce, ban ma san na faɗa da ƙarfi ba, "In suka ƙare, ni Kudu zan koma. Me zan zauna in yi?" Ludayin Inna ya tsaya a hanya, tsakanin ƙwarya da bakinta. Ta mayar da shi cikin kunun. Ba ta ƙara sha ba.

Da asuba na ari keke na nufi Kazaure neman garin bitamin irin wanda muke zuba wa kaji a Ibadan. Na isa rana ta take. Mai shagon ya ce ya ƙare tun makon jiya, kowa kajinsa haka suke, sai an kawo daga Kano, kuma bai san ranar ba. Na juyo hannu rabbana. A hanya na sauka na kwanta a gindin wata tsamiya, harshena kamar guntun fata, ina kallon wani rafi busasshe ina raya abubuwa a raina. Ban karya azumin ba dai, amma ni da Allah mun san yadda aka yi.

Na shigo gida gab da la'asar, hannuna na kan wuƙar aljihu, ina shirin tarar da gawawwaki. Abin da na fara gani shi ne rumfar Inna babu rufi, sandunan kawai a tsaye. Wannan rumfar ita ce inda take shimfiɗa tabarma ta yi kwanciyar rana tun ina yaro. Zanar tana can kan kwanon ɗakin kajina, an ɗora mata karan dawa, an yayyafa ruwa, tana ɗiga. An fasa tubali huɗu a bangon baya iska na ratsawa. Mazubaina na ƙarfe duk suna rataye a reshen darbejiya kamar kayan da aka kama a hannun ɓarawo. A cikin ɗakin kuma kasake ne na ƙasa, an binne su rabi a jiƙaƙƙen yashi, cike da ruwa. Randarmu ta sha, wadda take sanyaya mana ruwan buɗa-baki, an gangaro da ita bakin ƙofarsu.

Inna na zaune a ɗan ziririn inuwar bango, ita da Dija. Dija Bafillatana ce daga rugar bayan dutse, ƙawar Inna tun suna amare, ita ke kawo mana nono. Kansu duk ƙura da tsinken zana.

"Inna, ina abincinsu?"

"Na ɗauke."

"Da yunwa za ki ƙarasa min su?"

"Kai da ka fita tun asuba ba ka ci ba, ka mutu? In aka ba ka malmala uku yanzu, aka tura ka ƙarƙashin kwanon nan aka rufe, za ka kai magariba? Abinci wuta ne a ciki, Auta. Wuta a sama, wuta a ciki, ina hanji zai sa kansa? Su ma su ɗau azumi kamar kowa a garin nan. Amma nasu irin na yara ne, da shan ruwa."

Dija ta ce, "Kai Kaɗo, wai kai ne ka hana mai zawo ruwa? Mu ko maraƙi ba ma yi wa haka. A wace makaranta aka koya maka, in hana jikokina zuwa?"

Na buɗe baki zan kawo maganar Ibadan, sai na leƙa ɗakin. Suna haki har yanzu, amma a tsaye suke, sun kewaye kasake suna tsoma baki suna ɗaga kai sama. Na ƙirga sau biyu. Talatin da takwas. Na zare hannuna daga aljihu na je na zauna kusa da su a ƙasa, na ce wa Inna, "To Malama, sai a faɗa min nawa aikin."

Daga ranar gidanmu ya koma tafiya a kan tsari ɗaya, mu da kaji. In mun yi sahur muka yi sallah, gari ya fara shaa, sai in sauko da mazubai in zuba musu. Abincin kanti ya ƙare tuni, Inna ke haɗawa da hannunta, masara ɓarzajjiya, dussa, ƙuli-ƙuli dakakke, da ƙashin da ta ƙona ta daka. Suna ci mu kuma mu kama hanyar rijiyar fadama, mai nisa, don ta unguwa ta daina ba da komai. Ni garwa biyu a sanda, ita tulu a ka. Sawu uku muke yi kafin rana ta yi ƙarfi. Ba ma magana a hanya, ana tattalin yawu. Ƙarar ruwa a garwa kawai, da numfashinta a bayana. In na ce ta zauna in yi ni kaɗai, sai ta ce, "Tulun ne ya saba, in na bar shi zai yi fushi."

Hantsi na yi, a ɗauke abinci a rataye. Daga nan sai ruwa. Ran da aka jiƙa tsamiyar kunu, rabin ruwan nasu ne. Wata rana garin 'ya'yan kuka take damawa tsararo ta zuba. Jar kanwa kuwa ɗan mitsitsi, abin da yatsa biyu suka ɗauka, a cikin randa guda, ta ce in ta yi yawa ita ma zawo ce. Sai tsala. Bazara ce, shanun su Dija sun yi kudu neman ciyawa, 'yan waɗanda suka rage ba sa ba da abin kirki. Ɗan jallo ɗaya take kawowa bayan kwana biyu, wanda Inna ke dama furar sahur da shi. Shi ta koma zuba musu, wai tsamin nono na kwantar da cikin yaro, ba ta ga dalilin da zai ƙi na kaza ba. Furarta ta koma ta ruwa zalla. Mu kuma buɗa-baki da ruwan tulu mai ɗumi, don randa ta yi sababbin iyayengiji.

Tsakar rana ita ce wuya. Babu rumfa, Inna ta shiga ɗakinta ta kwanta a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a ka. Ni in zauna a bakin waya da moɗa ina watsa wa zanar ruwa jefi-jefi. Ba kowa, ba motsi. Wani lokaci in ji ina yi wa kajin labarin Ikko, yadda teku take da yadda ake rataye a jikin bas. Ban san ko a nan na koyi surutu ba. In rana ta yi sanyi bayan la'asar sosai, a sauko da mazubai, a yanka musu ɗanyen zogale a kai. Sukan riga mu shan ruwa da kusan awa guda. Inna ta ce ba komai, matafiya ne, an yi musu rangwame.

Abin da ya fi ba ni dariya in na tuna shi ne duban safe. Ni da Inna, tsugune a ɗakin kaji, kowa da tsinke, muna tona kashi kamar masu duba a ƙasa. "Wannan da saura." "Wannan ya fara haɗa kansa." Ran da muka tarar da shi a ɗaure, da ɗan farin nan a sama, babu masara a ciki, Inna ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, "Alhamdu lillahi," da irin muryar da ake yi wa mai haihuwa barka. Huɗu muka ƙara rasawa a makon farko, waɗanda abin ya riga ya ci. Daga nan wuƙa ta koma ɗakin girki.

Yanzu ga ni da famfo a tsakar gida, ga masu ƙanƙarar sola a bakin titi, in saya in jefa a ruwan kaji kamar wasu 'ya'yan gata. Ledojin mai shago ma suna aiki, ba zan yi musu ƙarya ba. Abinci dai har yau ina ɗauke shi da hantsi. Sai dai in na tona na ga ya ɗaure, babu wanda zan juya in gaya wa.

Cikin goman ƙarshe, wata safiya a sawu na uku, na ji numfashin bayana ya yanke. Na waiga na ga Inna ta sauke tulu ta zauna a kan dutse, idonta a rufe, leɓenta fari fat. Dija na tahowa daga ruga ta tarar da mu. Ta yi mata fifita da faifai har ta dawo daidai, ta ɗauki tulun da kanta. Inna ta yi gaba a hankali, mu muna baya. Dija ta rage murya.

"Kaɗo, kana tsammani uwarka son kajin nan take? Ko ƙwansu ta ce min ba za ta iya ci ba, ƙwan da ba uba. Igiya take tufkawa da su, ta ɗaure maka ƙafa. Kai dai ka san abin da ka faɗa mata."

Na ce na sani. Wallahi a lokacin har zuciyata na sani.

Ana saura kwana uku Sallah, na dawo daga masallaci da azahar na tarar da Inna tsaye a tsakar gida cikin ranar nan, hannunta a dunƙule a ƙirji. Ta buɗe. Ɗan ƙwai ne ƙarami, bai fi na zabuwa ba, da ɗan jini a jikinsa.

"Ga shi. Ka ce in sun kai ga ƙwai."

"Na faɗa, Inna."

"To." Ta dafa shi, da aka sha ruwa ta raba biyu da zare. Wadda ta ce ba za ta iya ci ba, ta cinye nata har tana lasar yatsa. Ta ce, "Maraya ne, amma da daɗi."

Hadari ya yi ta yi mana kwalele har bayan Sallah. Ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mu kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da gumi. Ran da ya sauka kuwa, da yamma ne, ɗigon farko a kan ƙasa kamar an watsa ruwa a kasko. Ƙamshin nan ya tashi. Muka tsaya a tsakar gida muka ƙi shiga, ni da Inna, ruwa na dukanmu, kaji talatin da huɗu sun yi tsit suna sauraron abin da ba su taɓa ji ba a kan zana. Washegari muka fita shuka, ina sara tana binnewa.

Na zauna har aka yi noman farko. Ƙwai ya kankama, har daga Gwiwa masu shayi ke aikowa. Gero ya kai gwiwa, gari ya yi kore, komai ya daidaita. Kuma a nan ne ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Ba ni da wani dalili da zan ba ku. Wani abokina direba, mai ɗaukar hatsi daga Babura zuwa Damagaram, ya aiko cewa yana neman wanda zai riƙa kama masa tuƙi. Na yi kwana uku ina zagaye maganar. Ranar na huɗu na same ta tana tankaɗe na ce, "Inna, mako biyu ne kawai. In je in dawo."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da buga rariya. Can ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Su dai kajin nan ba su san hanyar tasha ba."

Mako biyu ya zama wata biyu. Daga Damagaram sai Agadas, daga nan na sami motar kaina nake ja daga Kano. Nakan leƙo gida, kwana ɗaya, kwana biyu, in kawo mata atamfa da sukari. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko da wasa, ita da ba ta barin kowa ya wuce ba ta tsokane shi ba. Abin da take yi ɗaya ne. Duk ranar kasuwar Gwiwa ta ƙarshen wata, sai ta ba direban motar Kano ƙwarya, an cika ta da ƙaiƙayi, ƙwai goma sha biyu a binne a ciki, an ɗaure da tsumma. A ajiye min wajen wani mai shayi a tasharmu. Babu saƙo, babu a gaishe shi. In na dawo daga tafiya in tarar, in ce a soya, mu ci da 'yan tasha ana yi min tsiya, wai ga autan Inna an aiko masa da nono.

Shekara ɗaya da rabi ana haka. Wata safiya bayan kaka, ina wanke gilashin mota, mijin yayata ta Roni ya shigo tasha a kan babur. Tun daga yadda ya cire hula na gane. Zazzaɓin kwana biyu, ya ce, Inna ba ta wahala ba, har an kai ta. Na bi shi muka tafi. Na zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida har aka yi sadakar bakwai. Kajin, waɗanda suka rage, Dija ta tafi da su ruga.

Na dawo Kano da hantsi, na zauna a bencin mai shayi don ban san inda zan nufa ba. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko ƙwarya ɗaure da tsumma. Ya ce washegarin tafiyata aka kawo. Direban ya ce da hannunta ta ba shi ranar kasuwa, motarsa ce ta lalace a hanya ta yi kwanaki.

Na kwance ƙullin. Irin nata ne, mai kunne ɗaya, wanda ake ja ya warware. Na tona ƙaiƙayin, ko ɗaya bai fashe ba.

Mai shayi ya ce, "Nawa za a soya?"

Na ce, "Duka."

Ya ajiye min farantin. 'Yan tasha na zaune a benci, mutanen da muka ci tare wata da watanni. Ban ce wa kowa bismilla ba, su ma babu wanda ya miƙo hannu. Na zauna na cinye ni kaɗai.